Baturen da ya ƙirga mamatanmu daga bakin uwaye

Ƴar Garin Malam:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Taimako nake nema. Ina shekarar ƙarshe a jami'a, aikin da zan rubuta kuma a kan mace-macen ƙananan yara ne a ƙauyukan Damagaram. Malamina ya ce kada in taka ƙauye sai na karanta wani William Brass. Na karanta, lissafin ma na bi shi da ƙyar, amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Yaya za a yi wa mace tambaya biyu kacal, nawa kika haifa, nawa ke raye, sannan a fito a ce an san yawan yaran da ke mutuwa a ƙasa? Ba ranar haihuwa, ba ranar rasuwa, ba takarda. Ilimi ne wannan ko bugun ƙasa?

Mai Shayin Zango:
Wa alaikumus salam. Bugun ƙasa ne mai digiri. A jira masu boko su tashi daga barcin rana.

Ɗan Yawunde:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Malaminki ya yi miki gata. Mu da muka yi karatun yawan jama'a a IFORD, cibiyar koyar da ilimin yawan jama'a ta Yawunde, sunan mutumin nan mun ji shi har ya gundure mu.

Ɗan Sikotlan ne, an haife shi a Edinbara a 1921, ya rasu a 1999. Lissafi ya karanta, ba likitanci ba. A 1948 ya tafi Nairobi aiki a ofishin ƙididdiga na Afirka ta Gabas, ya zauna har 1955, kuma can ya ci karo da abin da ya zame masa aikin rayuwa. Duk dabarun da aka koya masa an gina su ne don ƙasar da ake rubuta kowace haihuwa da kowace mutuwa, shi kuwa ga shi a inda ba a rubuta ko ɗaya. Ya koma gida ya koyar a jami'ar Aberdeen, ya yi shekara guda a Princeton ta Amurka tare da su Ansley Coale da Frank Lorimer, aikin da ya haifar da littafin The Demography of Tropical Africa a 1968. Babin da ya shafi ƙasashen renon Faransa shi ya rubuta shi, da alƙaluman anket, wato binciken gida-gida, da aka yi a Gine, Haute-Volta (Burkina Faso ta yau), Dahomey (Benin ta yau) da arewacin Kamaru. Daga 1965 har ya yi ritaya a 1988 yana babbar makarantar kiwon lafiya da cututtukan ƙasashen zafi ta Landan.

Yanzu ga tambayarki. Kin taɓa ganin dillali a kasuwar dabbobi ya buɗe bakin rago ya ce shekararsa biyu? Bai ga takardar haihuwar ragon ba, haƙori ya duba. To a wajen Brass shekarun uwa su ne haƙorin. Mace mai shekara 20 zuwa 24, ƴaƴanta duka ƙanana ne, in kin haɗa su kin raba ba su wuce shekara biyu a duniya ba. Saboda haka kason da ya mutu cikin ƴaƴan irin waɗannan matan kusan shi ne kason yaran da ke mutuwa kafin shekara 2. Na mata masu 25 zuwa 29 yana ba ki kafin shekara 3. Na masu 30 zuwa 34 yana ba ki kafin shekara 5. Sai a ninka da wani ɗan adadi da ke kusa da 1, gwargwadon ko matan wurin da wuri suke fara haihuwa ko a makare.

Misali na ƙirƙira don ki gani: mata 100 masu shekara 30 zuwa 34 sun ce sun haifi 500, 420 na raye. Tamanin sun koma ke nan, 16 cikin ɗari, wato kusan 160 cikin 1000 kafin shekara 5. Shi ke nan gindin abin. Sauran duk gyare-gyare ne da wasu suka ƙara, irin su Sullivan da Trussell da suka kyautata adadin ninkawar, da Feeney da ya nuna wace shekara ta baya kowane sakamako yake magana a kai.

Ƴar Garin Malam:
Yaya, wallahi misalin ragon nan ya fi mini shafi goma na littafi. Na gode.

Mushen Lise:
Ni ban gode ba tukuna. Shekara ashirin da ɗaya ina koyar da lissafi, na san in ka zuba tsakuwa a turmi ba ka kwashe gari. Ka ce shekarun uwa su ne haƙorin. To wace uwa? Rabin ƴan ajinmu a firamare takardarsu "né vers" ce, wato an haife shi wajen shekara kaza, sauran kuma duk ranar 1 ga Janairu aka haife su, kamar gayya aka yi. Wannan mu da muka shiga lakwal ke nan. Je ki ƙauye ki tambayi mace shekarunta, za ta ce talatin, maƙwabciyarta talatin, uwar mijinta ma in ba a yi hankali ba talatin. Rago dai ba ya ƙaryar haƙori.

Baba Ɗan Birni:
Salamu alaikum. Ɗiyata, ni ban san Brass ba sai yau, amma tambayoyinsa na yi su a ƙofar gida ta fi dubu. Na yi aikin ƙidaya a 2001 ina malamin makaranta, a 2012 kuma aka sa ni duba aikin yara masu ƙidayar a wajen Tanut.

Maganar Mushe gaskiya ce, amma rabinta ya faɗa. Mace ba ta san lambar shekarunta ba, ta san zamaninta. Ni ba na cewa shekarunki nawa. Cewa nake, lokacin yunwar El-Buhari kina ina? In ta ce an ce a goye nake, na san wajen 1984 ne, a ƙidayar 2012 tana 28 ko 29, na sa ta a gidan 25 zuwa 29. In ta ce ta fara tallar fura lokacin, na ƙara mata bakwai ko takwas. Tsofaffi kuma da hawan Kunce a 1974 nake kama su. Tunda gida-gida na shekara biyar ake bukata, ba sai ka san rana da wata ba.

Abin da ya fi ba ni wahala ba shekaru ba ne. Lambar ƴaƴan ce.

Hajiya ta Miriya:
Alhaji ka taɓo wurin. Shekara talatin ina karɓar haihuwa a likita kafin in huta, bari in gaya wa yarinyar nan abin da littafin ba zai gaya mata ba.

Ɗiyata, in kika zauna gaban Bahaushiya kika ce nawa kika haifa, abu huɗu za su faɗi a hanya kafin amsa ta iso kunnenki. Na fari ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta son a gan ta tana lissafa shi, balle in surukarta na zaune a gefe tana tsinkar zogale. Sai ta fara ƙirga daga na biyu. Sannan wanda ya koma kafin suna. A wurinta wannan baƙo ne da ya leƙo ya juya, ba a yanka masa rago ba, ba shi da sunan da za ta ambata, don me za ta tayar da shi gaban baƙuwa mai biro? Sannan wanda aka ba wa gwaggo ko kaka riƙo tun yaye, yana can Matamai ko Kano, wani lokaci sai ta bar shi a lissafin mai riƙon. Ita kuma mai riƙon ta saka shi a nata, ko duk su biyun su bar shi.

Na huɗun ya fi su nauyi: mace mai wabi. Wadda ta binne biyar a jere, na shida ne a bayanta, an huda masa kunne ko an sa masa sunan da zai sa mutuwa ta raina shi. Ke kina ganin za ta buɗe baki ta ƙirga miki? Tsoron baki take. Za ta ce miki "abin da Allah ya ba ni ke nan" ta nuna na goye. In kika rubuta ta haifi ɗaya, ɗaya na raye, kin rubuta cewa a gidan da mutuwa ta fi ɓarna ba wanda ya mutu.

Mushen Lise:
Hajiya Allah ya saka. Kun ji ko? Ba ni na faɗa ba.

Ɗan Yawunde:
Mushe, dakata da murna. Abin da Hajiya ta lissafa, irinsa ne ainihin abin da Brass ya gina aikinsa a kai. Bai taɓa ɗauka cewa amsoshin daidai suke ba. Abin da ya lura da shi shi ne kuskuren yana da alƙibla. Mantuwa da ɓoyo suna ƙaruwa da shekarun uwa, har za ka ga a teburi mata masu 45 zuwa 49 sun fito da ƴaƴa ƙasa da na masu 35 zuwa 39, abin da hankali ba zai ɗauka ba. Shi ya sa ake jingina a kan masu 20 zuwa 34. Ƴan 15 zuwa 19 kuma akan ajiye nasu gefe, don ƴaƴan ƙananan mata sun fi na kowa mutuwa, sai su kumbura lissafin. Kuma tunda mamaci aka fi ɓoyewa a kan rayayye, ka san in akwai kuskure adadin ya gaza ne, bai zarce ba. Sanin gefen da kaya ya karkata shi ne rabin gyaran mangala.

Haka ya yi da haihuwa. Tambaya biyu ce nan ma, kowace da cutarta. In ka ce nawa kika haifa tun farko, tsofaffi na zubarwa. In ka ce kin haihu cikin wata 12 da suka wuce, mutane ba su san inda wata 12 ya tsaya ba, wasu su miƙa shi wasu su taƙaita. Sai ya ce a ɗauki siffar daga tambaya ta biyu, wato a wace shekara mata suka fi haihuwa, a ɗauki girman daga amsar ƙananan mata a tambaya ta farko tunda ba su daɗe da haihuwar ba, a gyara ɗaya da ɗaya. Shi ake kira P/F. Shaidu biyu ne kowane da ido ɗaya, amma ba ido guda suka rasa ba.

Malam na Sabon Gari:
Ku yi mini afuwa in sa baki. Mu dai abin da muka sani, duk lokacin da aka zo ƙirga ƴaƴan mutane, bayansa maganar ƙayyade iyali ce ke biyowa. Kakanninmu ma da Nasara ya ƙirga su harajin lanho ne ya biyo baya da aikin tilas. Mutane ba wauta ce ta sa suke ɓoyewa ba.

Baba Ɗan Birni:
Allah gafarta Malam, batun lanho gaskiya ne, na sha jin sa a bakin masu gari. Akwai gidan da sai da na rantse ba ni da haɗi da masu karɓar kuɗi kafin a shimfiɗa mini tabarma. Amma tambayar nawa suka rasu ba ta hana kowa haihuwa. Ita ce ma ke nuna inda ya kamata a kai allurar ƙyanda da gidan sauro.

Na Magariya:
Ni a ofishin eta-sibil na wata komin nake aiki, inda ake rubuta haihuwa da mutuwa, bari in faɗi abin da nake gani a teburina. Haihuwa an fara kawowa, musamman wadda aka yi a likita, don iyaye sun gane ba a jarrabawa sai da takarda. Wanda ya makara kuma ya bi ta shari'a a yi masa. Amma mutuwa? Mutum ya rasu da hantsi, kafin la'asar an kai shi makwancinsa, an yi addu'ar uku, an yi ta bakwai, ba wanda ya tuna da ni. Masu zuwa neman takardar rasuwa iri biyu ne: iyalan ma'aikaci da ke bin fansho, da masu gadon da ya kai gaban alƙali. Jaririn kwana huɗu kuwa tunda na fara aiki ban ga an kawo ba. Littafin rasuwa na shekara guda sai ya ƙare da shafukansa farare. Wanda zai ƙirga mamatan komin ɗinmu da littafina cewa zai yi a aljanna muke zaune.

Mai Shayin Zango:
To a ba mu adireshin komin ɗin mu ƙaura.

Mushen Lise:
Yawwa, Na Magariya ya kawo ni inda nake so. Ƙorafina na gaskiya ba lissafin Brass ba ne, na yarda mutumin gwani ne. Ƙorafina sandar da ya sassaƙa wa gurgu ta yi kyau har gurgun ya daina neman magani. Dabarar wucin gadi ce, don a rage zafi kafin a gina eta-sibil na ƙwarai. Yau shekara sama da sittin da samun mulkin kai, har yanzu muna aika yara ƙofar gida suna tambayar tsofaffi. Faransa da Ingila ba sa tambayar kowa nawa kika haifa don su san mutuwar yara, littafi suke buɗewa. Da ba a samu hanyar kewaye ba, da dole ta sa gwamnatocinmu sun gyara hanyar gaske. Ga shi ana ta buga ƙirji da cewa mutuwar yara a Nijar ta sauko daga 318 zuwa 127 cikin 1000, duk a kan ƙiyasin Bature ɗaya.

Ɗan Yawunde:
Nan kam ka yi tuntuɓe, Mushe. Alƙaluman nan biyu gaskiya ne: anket ɗin lafiya da yawan jama'a na 1992 ya ba da 318 cikin 1000 kafin shekara 5, na 1998 ya ba da 274, na 2006 ya ba da 198, na 2012 ya ba da 127. Amma ba da dabarar Brass aka fitar da su ba. A wannan anket ɗin zama ake da mace a bi ƴaƴanta ɗaya bayan ɗaya, suna, wata da shekarar haihuwa, in ya rasu yana da wata nawa. Hanya ce dabam, mai tsada, mai cin lokaci, shi ya sa gidaje dubbai kawai ake zaɓa a duk ƙasa.

Kuma nan ne amfanin Brass yake har gobe. Anket zai gaya maka jihar Damagaram gaba ɗayanta, ba zai iya raba maka Magariya da Gure ba, gidajen da ya shiga sun yi kaɗan. Ƙidayar 2012 ta samu mutum miliyan 17 da ɗoriya, jiharmu ita ce kan gaba da sama da miliyan 3 da rabi. Wa zai zauna da kowace mace cikinsu ya bi tarihin haihuwarta? Ba mai iyawa. Tambaya biyu kuwa tana shiga takardar ƙidaya, ta ba ka kowane yanki da nasa. In hanyoyin biyu suka haɗu a wuri ɗaya hankalinka ya kwanta, in suka saba ka san akwai abin bincike.

Batun sanda da gurgu kuwa, ina da ja. Ƙasashen da ba su gina eta-sibil ba, rashin kuɗi da nisan ƙauyuka da rashin abin da takardar za ta amfana wa talaka ne suka hana su, ba wani malami a Landan ba. Kuma shi kansa ya yi dabarar auna littafin irin na Na Magariya, a 1975: a gwama shekarun mamatan da aka rubuta da shekarun rayayyun da aka ƙirga, a fitar da kashi nawa cikin ɗari na mutuwa ke isa ofis. Wanda ke son a manta da eta-sibil ba zai ƙera ma'aunin da ke tona asirinsa ba.

Mushen Lise:
Na karɓi gyaran alƙaluman. Sauran ban karɓa ba.

Ƴar Garin Malam:
Yaya, na ga kuma ana maganar dabarar marayu da ta ƴan'uwa mata. Su ma nasa ne?

Ɗan Yawunde:
Ta marayu tunanin ya riga shi, Bafaranshe Louis Henry ya taɓo shi, amma Brass da Ken Hill ne suka mai da shi abin aiki a 1973. Ana tambayar mutum mahaifiyarka na da rai, mahaifinka na da rai, daga nan a fitar da mutuwar manya. Ta ƴan'uwa mata kuma ta fito a 1989, shi da Wendy Graham da Robert Snow, a Gambiya aka fara gwada ta. Ana tambayar babba: ƴan'uwanka mata da kuke uwa ɗaya nawa suka kai munzali, nawa ke raye, nawa suka rasu, cikin waɗanda suka rasu nawa ne da ciki, ko wajen haihuwa, ko cikin sati shida bayanta. Rauninta shi ne labarin da take bayarwa na wajen shekara goma zuwa sha biyu baya ne, ba za ki auna aikin bara da ita ba.

Hajiya ta Miriya:
Sati shida ai arba'in ke nan. Kada ki ce wa kowa sati shida, ki ce ta rasu kafin ta gama wanka ko bayan ta gama. Wannan ba macen da za ta manta shi a kan ƴar'uwarta.

Amma ki kula da kalmar ƴar'uwa. A gidan mata uku kowa ƴar'uwa ce, har ɗiyar baffa. Ki ce wadda kuka fito ciki ɗaya, ɗakinku ɗaya. Ta marayun kuma ni dariya ta ba ni. Yaron da uwarsa ta rasu yana jariri, ƙanwarta ta shayar da shi, in kika ce innarka na da rai zai ce tana nan tana daka. Bai yi ƙarya ba. Wani ma sai ranar aurensa yake jin labari.

Ɗan Yawunde:
Hajiya, wannan matsalar har suna gare ta a littattafan, kuma saboda ita ba a cika yarda da amsar ƙananan yara ba. Ke kin gano ta a ɗakin awo ba tare da kin je Landan ba. Akwai ma wata dabarar tasa da Sheila Macrae ta 1984 wadda ta ku ce ungozomai: duk macen da ta zo haihuwa a tambaye ta wanda ta haifa kafin wannan yana raye? Inda tazarar haihuwa ta kai wajen wata 30, kason da ya rasu yana kusa da mutuwa kafin shekara 2. An gwada ta a asibitocin haihuwa na Bamako.

Hajiya ta Miriya:
Ikon Allah. Shekara talatin ina rubuta wannan a karnen awo, ciki na nawa, haihuwa nawa, masu rai nawa, ashe dukiya nake tarawa a kwali ɓeraye na ci.

Mushen Lise:
To tunda abin yabo ne, a gaya mini da me ake auna girman malami irin wannan? Ban ji an ce ya gano wata ƙa'idar lissafi da ake koyarwa a aji ba.

Ɗan Yawunde:
Akwai tsarinsa na 1971 na teburin rayuwa, wato teburin da ke nuna nawa ke kaiwa kowace shekara da rai, da ake koyarwa har yau, wanda da lamba biyu kacal kake lanƙwasa teburi guda ya dace da ƙasarka. Littafin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1983 da muke kira Manuel X, in ka cire abin da ya samo tushe daga gare shi ba za a bar maka da yawa ba, kuma wanda ya gaje shi a 2013 akwai ɗalibansa da abokan aikinsa cikin marubutan, irin su Basia Zaba da Ian Timæus. Ya shugabanci ƙungiyar masana yawan jama'a ta duniya daga 1985 zuwa 1989. Bayan ritaya ma bai zauna ba, yana cikin waɗanda suka tabbatar a 1993 cewa haihuwa ta fara raguwa da gaske a Kenya. Amma ni in ka tambaye ni, Baba Ɗan Birni ne ma'aunin. Ya yi tambayar mutumin sau dubu a rana tsaka bai taɓa jin sunansa ba.

Baba Ɗan Birni:
Kuma ko sisi bai aiko mini ba, Allah ya ji ƙan aikinsa.

Ɗiyata, ga abin da nake koya wa yaran da na duba a 2012. Kada ki yi tambayar a dunƙule. Ki raba ta uku: maza da mata nawa ke kwana a gidan nan, nawa ke wani wuri, nawa Allah ya karɓi abinsa. Ke ki haɗa jimilla, ki maimaita mata. Kada ki yi ta gaban miji ko suruka in da hali. Kuma kada ki fara da ita, ki sha ruwan gidan tukuna.

Hajiya ta Miriya:
Ki ƙara ta huɗu a hankali, murya ƙasa: akwai wanda ya zo ya yi kuka ko ya motsa, bai daɗe ba ya koma, ko da bai kai suna ba? Dole ki ce kuka ko motsi, don ki raba shi da ɓari da wanda ya zo ba rai, su ba sa shiga wannan lissafin. In ta yi shiru kada ki cika shirun da surutu. Ki ce Allah ya sa mai ceto ne, ki jira. Sau da yawa bayan addu'ar ne lambar ke fitowa.

Ƴar Garin Malam:
Na gwada a gida da daren nan kafin in je wa baƙi. Kakata ta ce shida. Da na raba tambayar yadda Baba ya ce sai suka zama bakwai, babana ne ta tsallake, shi ne na fari. Da na yi ta Hajiya ta ce in tashi in ba ta wuri. Gwaggona ta biyo ni zaure ta ce tara ne. Wanne zan rubuta?

Baba Ɗan Birni:
A takarda abin da mai haihuwar ta faɗa, bakwai. A gefe da fensir ki sa tara, da wanda ya faɗa miki, da wanda ke zaune lokacin da kika yi tambayar. In kika tara irin wannan gefen a gida ɗari, shi ne babin da malaminki zai fi karantawa.

Mushen Lise:
Kun gani? Gida ɗaya, lamba uku. Ni dai ina nan kan bakana, ba abin da zai maye gurbin rubuta haihuwa da mutuwa ranar da suka faru. Duk wayon lissafi bayan wannan yake.

Na Magariya:
Ban musa maka ba Mushe, aikina ke nan. Tambaya ɗaya: bara waccan mun zo maka gaisuwar rasuwar Inna, Allah ya ji ƙanta. Ka je an rubuta?

Mushen Lise:
Amin. Ai ita ba ma'aikaciya ba ce, kuma ba a yi rigimar gado ba.

Mai Shayin Zango:
Laifi tudu ne.

Na Magariya:
Wa'adin ya riga ya wuce, yanzu sai ta shari'a. Ka nemi shaidunka da katinsu, ka fara zuwa komin ɗinku su nuna maka hanya. In ka samu takardar ka ɗauko hotonta ka sa mana a nan.

Mushen Lise:
Litinin ina da aji tun ƙarfe takwas. Sai dai Laraba.